Sanarwa: Zaman Bita Ranar Asabar

Assalamu alaikum ƴan uwa ɗalibai, barkanmu da war haka.

Za mu zauna ranar Asabar bayan La'asar, a ajinmu na asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, kan sankarar jini da gashi (wato maganin sankara da haske, radiotherapy), inda muka sha ƙasa a gwajin baya.

Hasken gashi yana tsinka zaren DNA (kundin bayanan gado) na ƙwayar sankara, sai enzayim ɗin PARP ya garzayo ya ɗinke. Magani irin olaparib yana ɗaure wa PARP hannu, ɓarna ta taru, ƙwayar ta mutu. To lafiyayyen ɓargo fa, inda ake samar da jini, ya zai kwashe? Nan gardamar take.

Kowa ya zana wannan a takarda ya taho da ita, da naira 500 kuɗin fotokwafi da ruwan sanyi, zafin Sakkwato ba wasa. Don Allah ban da latti.

Allah ya ba mu sa'a.