A dawo da likitan nan ya gyara amsarsa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ban ji daɗin amsar da likitanku ya ba baiwar Allahn da ta bugo waya a shirin 14 ga Nuwamba ba. Mace ta ce tana da ciwon suga, fitsari na yi mata zafi, kwiɓinta na ciwo, sai kawai ya ce sanyi ne, ta yawaita shan ruwa, mai gabatarwa kuma ya ɗauki wani kiran. Wallahi tun daren nan matar take raina.

Haka muka yi sakaci da na Innarmu. Shekara 11 tana fama da suga. Zazzaɓi ya rufe ta da rawar ɗari, aka ce mana a kemis maleriya da taifot ne, aka yi ta allurai kwana uku. Tana dafe da kwiɓin hagu, komai ta ci sai ya dawo, sugan ya ƙi sauka duk da insulin. Dare na huɗu ta fara kirana da sunan ƙanenta da ya daɗe da rasuwa.

A asibiti hoton CT, wato hoton cikin jiki da na'ura ke ɗauka, ya nuna iska a cikin ƙodarta. Likita ya zaunar da mu ya ce ƙwayar cuta mai suna E. coli ce ta haura daga mafitsara, ta samu suga tana ci tana fitar da iska, naman ƙodar yana ruɓewa. Ya ce galibin masu kamuwa da wannan masu suga ne, kuma mata sun fi yawa. Suga yana kashe jijiyoyin mafitsara, fitsari ya riƙa saura a ciki, ƙwayar cuta ta samu wurin zama.

Aka huda bayanta aka zura roba. Ina zaune bakin gado ina kallon mugunya tana gangarawa cikin leda, ga ƙarin ruwa a hannu ɗaya, ga allurar jijiya a ɗayan. Kwana 19 muka yi, sai da muka jinginar da gona. Da ƙyar aka ceto ƙodar ba a cire ta ba.

Don Allah ku dawo da likitan naku ya faɗa wa jama'a da bakinsa: mai suga da ya ji zafin fitsari haɗe da zazzaɓi, amai ko ciwon kwiɓi, asibiti zai nufa a ranar, a gwada fitsari da jini.

Sannan wa ya ba ku shawarar mayar da shirin noma daidai lokacin magariba? Kafin mu fito masallaci an cinye rabi.

Mai sauraronku kullum,
daga Gusau