Baba na so in bar ilimin halittu, zuciyata ta ƙi

Assalamu alaikum Hajiya. Ina gaisuwa, da fatan kina lafiya, ke da abokan aikinki na gidan rediyo.

Ni budurwa ce 'yar shekara 22, daga wani ƙauye a jihar Gadarif ta ƙasar Sudan. Noman dawa da riɗi ne abin da gidanmu ya gada. Ina shekara ta biyu a sashen ilimin halittu na jami'a a birnin Wad Madani yaƙi ya ci garin, a watan Disamba na 2023. Da jaka ɗaya na dawo gida, littattafaina duk na baro su can. Daga nan karatun ya koma ta waya, ranar da aka samu intanet a karanta, ranar da babu a haƙura.

Bari in faɗa miki abin da ya kai ni wannan fanni. Ina sakandare ƙanena ya kamu da cutar kala'azar. Zazzaɓi ya ƙi sauka makonni, yaro ya rame har ana ƙirga haƙarƙarinsa, ciki kuwa ya yi tulu saboda kumburin saifa. Ni na yi jinyarsa a asibiti, kwana 17 ana yi masa allura biyu kullum, yana riƙe da gefen mayafina yana kuka. Allah ya tashi kafaɗarsa. Sai da na shiga jami'a na ga mai kawo cutar da idona, ranar da malaminmu ya sa shi ƙarƙashin madubin ƙara girma: ɗan ƙuda ne da bai kai sauro ba, jikinsa duk gashi, fukafukansa a ɗage. Macen ce ke cizo. Ya ce mazauninsa wuraren da ke da itacen aduwa da baƙar ƙasa mai tsagewa da rani. Hajiya, gindin aduwa muke shimfiɗa tabarma idan zafi ya hana kwanan ɗaki! Tun ranar na ƙudurta cewa wannan ƙwaro zan nazarta.

Yanzu Kawuna ya samo mini gurbin karatun difloma na gwajin jini da fitsari a nan kusa, wanda ana gamawa ake samun aiki. Baba ya amince. Ya ce lokaci ya tafi, ƙannena biyar na jira, kuma nazarin ƙwari ba ya sa tuwo a kwano. Ban ga laifinsa ba wallahi. Riɗinsa ya sayar ya biya mini kuɗin makaranta, kuma yawancin waɗanda na sani da suka gama fanninmu koyarwa suke yi. Amma gwajin jini sai cutar ta riga ta kama yaro, ni kuma so nake a tare ta tun daga gindin aduwar.

Ban taɓa musa wa Baba magana ba, ko sunansa ban iya faɗa. Inna ta ce in yi shiru in karɓa. Kawu na jiran amsa kafin ƙarshen wata. Shin in karɓi diflomar in koma digirina daga baya, ko kuwa in nemi wani babba ya roƙar mini Baba? Idan roƙon ne, wa ya dace in tura, kuma me zai ce masa?

'Yarki daga Gadarif.