Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gwamnan Kebbi Kan Lasisin Su Da Dokokin Bakin Ruwa

Mai Girma Gwamna, Dakta Nasir Idris, Kauran Gwandu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, Allah ya ja zamaninka, ya kama maka a kan amanar da ka ɗauka.

Ranka ya daɗe, maganar ruwan Kebbi ce ta sa na ɗauki alƙalami, da maganar bayin Allah da ke ci daga cikinsa. Roƙona shi ne a fito da dokar su da ta bakin ruwa fili, a faɗe ta da harshen da masunci yake ji, a kuma sa waɗanda yake jin nauyinsu cikin tsaronta.

Ba sai mun je wata ƙasa neman darasi ba, ga kogin Matan Fada a Argungu. Shekara guda cur ake hana su a wannan wuri, kuma babu katanga. Kowa ya san Sarkin Ruwa ne ke riƙe da shi a madadin Sarkin Kabi, kowa ya san ranar buɗewa, kowa ya san ranar nan homa da gora ake shiga da su. Shi ya sa kifin yake samun sukunin girma, har a bikin kamun kifi na 2020 aka fito da giwan ruwa mai kilo 78. Bikin da ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, wanda UNESCO ta sa cikin kayan gadon duniya a 2016, a kan wannan hani ya tsaya.

To, a gangaro Yawuri, Ngaski da Shanga. Tun da aka gama madatsar Kainji a 1968, aka tashi mutane kimanin 44,000 daga gungunansu da gonakinsu, Gungawa da Sarkawa da sauran mazauna gaɓa suka ƙara rataya rayuwarsu a wuyan tafkin. Doka kam akwai ta. Ta tarayya ta 1992 ta haramta kashe kifi da guba, da nakiya, da lantarki. A 1997 Kebbi da Neja kowace ta yi tata dokar, lokacin da Jamusawa ke aikin bunƙasa su a tafkin tare da cibiyar binciken kifi ta Sabuwar Busa. A zamanin ne aka hana dala, wato ragar da ake ja daga gaɓa, aka ƙayyade faɗin idon raga, aka sa sarakunan ruwa cikin aikin ba da lasisi. Dattawan masunta har yau suna tuna lokacin. Amma a tambayi saurayin da ya fara shiga jirgi bana ko me dokar ta ce, a ji amsar da zai bayar.

Bari in tsaya a kan dala, domin ita ce ciwon. Mai dala warangi, ƙananan kifayen nan, yake cewa ya fito nema. Sai dai idon ragarta bai fi na gidan sauro ba, kuma a bakin gaɓa ake jan ta, inda kifi ke yin ƙwai yana renon 'ya'yansa. Ba ta barin ɗan karfasa, ba ta barin ɗan giwan ruwa. Kifin da in an ƙyale shi shekara biyu zai biya wa yaro kuɗin makaranta, shi ake shanyawa a sayar da mudu. Mai ragar kalli da mai birgi kuwa su kwana cikin sanyi su dawo da abin da bai isa miya ba. Masu jan dalar ma talakawa ne 'yan ƙwadago, mai ita yana gida. In aka zo kame, su ake tarar wa a bakin ruwa. Don haka in za a sake tayar da hanin, a fara da masu ragar, a ba su wa'adi, a taimaka musu su sauya zuwa halastacciya, sannan a ƙwace ta wanda ya ƙi.

Game da lasisi, Ranka ya daɗe, masunci ba ƙin biya yake ba. Mutum ne da ya saba kai wa Sarkin Ruwa rabonsa tun kaka da kakanni. Abin da ke ci masa rai shi ne rashin sanin nawa ne, wa zai ba, kuma ina kuɗin ke tafiya. Ya biya a wannan tasha, gobe wani ya tare shi a waccan, babu rasit. Ya bi kifi ya tsallaka ɓangaren Neja, a ce takardarsa ba ta aiki, alhali ruwan ɗaya ne. A yi lasisi guda na shekara, kuɗinsa ya danganta da irin kayan aikin mutum, a liƙa farashin a kowace tasha, a sanar a gidan rediyo da Hausa da harsunan gungu. A zauna da gwamnatin Neja domin takardar nan ta yi aiki a can. A ware wa sarakunan ruwa kasonsu a rubuce, sauran a ga aikinsa: jirgin sintiri, rigunan ruwa, kwashe kainuwa. Yaro mai fatsa da magidancin da ke neman na miya kuwa, a bar su kyauta, iyaka a nuna musu girman kifin da dole a mayar ruwa.

Sai bakin ruwan kansa. Ranar sallah da lokacin Rigata, bikin tseren jiragen ruwa, gaɓar Yawuri cika take da matasa masu wanka da ɗaukar hoto, ga mata na wanki, ga jirage masu inji na shiga suna fita, duk a wuri ɗaya. Ya kamata a raba: nan wurin wanka, nan mashigar jirgi, nan wurin hutawar iyali, a kafa alluna masu rubutu da zane saboda wanda bai yi boko ba. A sa gwanayen ruwa daga 'ya'yan Sarkawa su yi gadi, a biya su. A hana zubar da leda da wanke tankin feshi a cikin kogin da mutane ke sha. Na san sufurin ruwa yana hannun hukumar NIWA ta tarayya, kuma ta hana tafiyar dare da lodin da ya wuce ƙima. Amma waɗanda suka nutse a Warra a watan Mayun 2021, sama da mutum 100, mafi yawansu 'yan jiharka ne, kuma daga gaɓa ake yin lodi. Mutum biyu masu iko a kowace tasha, da rigunan ruwa a ajiye, sun isa su hana jirgi tashi.

Tsorona guda ne. Kada ranar da gwamnati ta tashi ƙawata bakin ruwa domin baƙi, a zagaye shi da waya, a sa kuɗin shiga, a kori masunta da mata masu banda zuwa bayan gari. Su suka riƙe wurin tun kafin a san da yawon buɗe ido, kuma su baƙon ya zo gani. A ba su rumfuna da murhun banda a cikin tsarin tun daga zanensa.

Ina roƙonka, kafin Rigata mai zuwa, ka kira sarakunan ruwan jihar nan zama a Yawuri, ƙarƙashin Mai Martaba Sarkin Yawuri, Dakta Muhammad Zayyanu Abdullahi, da Mai Martaba Sarkin Kabin Argungu, Alhaji Sama'ila Muhammad Mera. A gayyato masanan Sabuwar Busa, a karanta wa masunta dokar 1997 a gabansu, su faɗi abin da ya tsufa a cikinta, sannan a kai gyaran majalisar dokoki.

Allah ya ƙara wa Gwamna lafiya, ya zaunar da jiharmu lafiya.

Wassalam.
Naka mai biyayya,
Wani jikan masunta daga ƙasar Yawuri