A ba masu tsaron raga haƙƙinsu, ga misalin Ingrid Hjelmseth ta Norway

Assalamu alaikum Malam Edita,

Da fatan kana lafiya, ya aiki ya jama'a. Ina da ƙorafi kan shafin wasanni, kullum in an buɗe sai labarin wanda ya zura ƙwallo, shi ne hoto shi ne kanun labari, gola kuwa ba a tuna shi sai ranar da aka zazzaga masa, a ƙwallon mata ma abin ya fi muni. Shi ya sa na ce bari in kawo labarin wata gola ƴar Norway, Ingrid Hjelmseth, ko masu karatu za su ga abin da ake barin mu ba mu sani ba.

An haife ta a 1980, ta fara tsaron ragar ƙasarta a 2003, amma fa ta tarar da Bente Nordby a gabanta, wadda ta ci Kofin Duniya a 1995, a gasar da ƙwallo ɗaya tak aka zura wa Norway tun daga farko har ƙarshe, ta kuma ci zinare a gasar Olamfik ta Sidni a 2000. To wa zai cire irin wannan ya sa sabuwa? Haka Ingrid ta yi ta zaman benci shekara da shekaru, ana atisaye da ita, ana tafiya da ita, wasa kuwa sai jefi-jefi. Kuma ka san matsalar gola ke nan, ɗan gaba ko ɗan tsakiya ana iya sako shi saura minti goma ya nuna kansa, amma raga ɗaya ce, in ba ciwo ko jan kati ba da wuya koci ya canza gola ana tsakar wasa.

Abin da ya fi taɓa ni, da Nordby ta ajiye buga wa ƙasa bayan Kofin Duniya na 2007 kowa zai ce ai yanzu lokacin Ingrid ya yi, ina, sai ga Erika Skarbø, wadda ba ta kai ta shekaru ba, ita ta tsare raga a Olamfik ta Beijin a 2008. Wallahi da wata ce da tuni ta yi fushi ta bar musu kayansu. Sai a gasar Turai ta 2009 ta zama ta ɗaya, tana da shekara 29, kuma da ta kama wurin ba ta sake shi ba sai da ta shafe shekara goma.

A gasar Turai ta 2013 a Suwidin, wasan kusa da na ƙarshe da Denmak aka tashi 1-1 aka je bugun fenareti, ta kaɗe guda biyu, ita ta kai su wasan ƙarshe. Can kuma sai golar Jamus Nadine Angerer ta yi musu irin abin da suka yi wa Denmak, ta tare fenareti biyu ana cikin wasa, Jamus ta ci 1-0. Ka ga makomar kofin nan a hannun masu tsaron raga ta kasance, amma je ka tambayi masu kallo, ƙalilan ne za su iya kawo sunansu.

Masu bin Super Falcons za su tuna ta ko da ba su riƙe sunan ba, ita ce a raga ranar da Norway ta ci Najeriya 3-0 a birnin Reims na Faransa a Kofin Duniya na 2019, lokacin tana da shekara 39. A zagaye na biyu da Ostireliya an sake zuwa fenareti, Sam Kerr ta ɗaga tata sama, Ingrid ta kaɗe ta Emily Gielnik, suka wuce. Ko ranar da Ingila ta fitar da su da ci 3-0 sai da ta tare fenaretin Nikita Parris, wasa ya riga ya tafi amma ba ta saki jiki ba. A shekarar ta yi ritaya, bayan ta buga wa ƙasarta wasa 138, ƙwallon kulob kuma a gida ta yi ta, Trondheims-Ørn da Asker da Stabæk.

Roƙona Malam Edita, ku ware wa masu tsaron raga ko da ɗan gefen shafi ne lokaci-lokaci, maza da mata, a riƙa faɗin wanda ya tare me kamar yadda ake lissafa wanda ya ci, kuma in an zo rahoton wasa a duba ƙwallayen da gola ya hana kafin a ɗora masa laifin wadda ta shiga.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Naku,
Mai bibiyar shafin wasanni