Masu zuwa yawon Sahara, ku yi shiri kamar mota za ta lalace

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni fili in yi magana da samarinmu na Daura da Katsina da ke haɗa kuɗi su ɗauki Hilux ko Land Cruiser, su fita ta Kwangwalam zuwa Damagaram, su wuce Tanut har Agadas, daga nan a shiga rairayi yawon buɗe ido. Na yi tuƙi a wannan hanya, kuma hotunan da suke sakawa a Facebook suna tayar mini da hankali: gajeren wando, riga mai gajeren hannu, kai ko hula babu.

'Ya'yana, ku dubi Buzaye. Riga doguwa mai yalwa, ga rawani da amawali ya rufe hanci da baki. Iska na zagayawa cikin rigar, rana ba ta taɓa fata, ƙura ba ta shiga maƙogwaro. Ku yanki yadi huɗu ko biyar na auduga tun daga gida, ku koyi naɗi. Mata su sa wando ƙarƙashin zani, saboda hawa da saukar bayan mota. A haɗa da tabarau da man kaɗanya don leɓe da dunduniya.

Sanyi kuwa shi ke shammatar baƙo. A Disamba da Janairu, daren duwatsun Azbin, wajen Timiya da Iferwan, yakan kusa daskarar da ruwa. Bargo, rigar sanyi da safa dole ne. Takalmi rufaffe, kuma a kakkaɓe shi da asuba saboda kunama.

Akwati mai taya a bar shi a gida, jakar yadi ta fi jure gargada. Waya a ƙulle ta a leda. Guzuri: dabino, kilishi, cuku, garin rogo, kayan shayi.

Amma ruwa ne ya sa na ɗauki biro. Kada kowa ya lissafa wa kansa ƙasa da lita biyar a yini, sannan a ƙara na kwanakin da ba a shirya musu ba. A raba shi cikin jarkoki da yawa, don in ɗaya ta fashe kada a rasa duka, a kuma riƙe ƙunshin gishiri da sukari na kemis. A watan Oktoban 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92 a arewacin Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, mafi yawansu mata da yara daga yankin Kance, nan maƙwabtanmu. Motocinsu ne suka lalace, ƙishirwa ta gama da su. Allah Ya jiƙansu.

Shi ya sa ba na yarda da tafiyar mota ɗaya. A tafi da biyu aƙalla, da jagora ɗan ƙasa, da shebur, igiyar ja, safaya biyu da famfo, tunda sai an rage iskar taya a kan yashi. A tambayi hukumomin Agadas halin tsaro, in sun ce a jira rakiyar sojoji, a jira. Iyaye kuma, kafin ku sa wa yaro albarka, ku sa ya rubuta muku hanyar da za su bi da ranar da za ku ji muryarsa.

Naka,
Wani tsohon direba, Daura