Mai Zuwa Grand Portage Kada Ya Tsaya A Bakin Shinge

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ka ba mu ɗan fili domin 'yan uwanmu mazauna Amurka, musamman na jihar Minnesota, masu neman inda za su kai iyali a hutun bazara. Akwai wurin tarihi na Grand Portage a bakin Tafkin Superior, kimanin kilomita 240 daga Duluth ta hanya mai lamba 61, dab da iyakar Kanada. Shiga kyauta ne.

Yawancin baƙi sukan leƙa gine-ginen katakon da aka sake ginawa cikin shinge, su ɗauki hoto, su juya. A ganinmu sun bar jaki suna dukan taiki, domin tushen wurin shi ne hanyar ƙafa ta kusan kilomita 14 daga tafkin zuwa Kogin Pigeon. 'Yan asalin yankin ne suka fitar da ita tun kafin zuwan Bature, don kauce wa gangaren ruwan da kwalekwale ba ya iya bi. A ƙarshen ƙarni na 18 kamfanin cinikin fatu na North West ya mai da wurin babban zangonsa. Duk watan Yuli ake haɗuwa: na Montreal su kawo bargo, tukwane, bindigogi da taba, na cikin daji su kawo fatu, musamman na biba, dabbar ruwan da ake yin hula da gashinta a Turai. Ɗan dako kan ɗauki ƙunshi biyu, kowanne kilo 41, da maɗaurin fata a goshi. A 1803 kamfanin ya koma Fort William a ɓangaren Kanada, saboda shata iyaka ta jefa zangon cikin Amurka, ga barazanar haraji.

Ba don ƙabilar Ojibwe, 'yan asalin wurin, ba da cinikin bai yi kwana ba. Su ke farautar dabbar, su ke ƙera kwalekwalen ɓawon itace, su ke sayar da kifi da shinkafar tafki da sukarin da ake tatsa daga bishiya. Har yau wurin yana cikin keɓantacciyar ƙasarsu, kuma tare da su hukumar gandayen ƙasa ke gudanar da shi. A ƙarshen mako na biyu na Agusta suna taron raye-rayen gargajiya. Baƙo ya nemi izini kafin ya ɗauki hoton mai rawa, in aka ce a miƙe ya miƙe.

To, batun tafiyar. Zuwa da dawowa kilomita 28 ne, da hawa na kusan mita 190, don haka wanda bai saba ba ya raba ta kwana biyu. Ana kwana a Fort Charlotte, tsohon zangon kamfanin a ƙarshen hanyar, bakin Kogin Pigeon, amma sai da takardar izini da aka karɓa tun kafin a tashi, kuma kada a sa ran ganin gini a can, daji ya cinye. Abin da ke kayar da mutane shi ne taɓo da katakan da aka shimfiɗa kan fadama, masu santsi bayan ruwan sama. Takalmin gudu ba zai yi ba, sai mai rufe idon sawu. A Yuni da Yuli sauro da baƙin ƙuda suna cin karensu babu babbaka, ga kaska, sai a sa riga mai dogon hannu, a cusa ƙafar wando cikin safa, a duba jiki da yamma. Ruwan kogi sai an tace ko an tafasa, in ba haka ba gudawa. Kada abinci ya kwana cikin tanti, akwai beyar. Layin waya ba abin dogaro ba ne, a bar wa wani sanarwar lokacin dawowa.

Mai ƙananan yara ya hau tudun Rose da ke bayan shingen, gajere ne, sannan ya ƙarasa High Falls, gangaren ruwa mai tsayin mita 37. Gine-ginen tarihin kan buɗe ne daga ƙarshen Mayu zuwa tsakiyar Oktoba, kuma mai neman naman halal ya taho da guzurinsa.

Wassalam.
Daga wasu masu karatu.