A buɗe digiri na biyu da zai haɗa tarihi da harshe da kwamfuta

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna neman fili a jaridarku domin mu miƙa shawara ga shugabannin jami'o'inmu. Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da ke nan Maraɗi ta fi ƙarfi a kimiyya da fasaha, su kuwa jami'o'in Abdu Mumuni a Yamai da André Salifou a Damagaram suna da sassan tarihi da harsuna. A haɗa hannu a buɗe masta guda, wato digiri na biyu, ta shekara 2, wadda za ta yaye mutumin da ya iya karatun ajami, ya kuma iya adana shi a kwamfuta.

Kayan aikin na nan jibge. Akwai littattafan malamai cikin gafaka, gara na cin su. Akwai kasakasan makaɗan fada da na masu ba da tarihin Katsinar Maraɗi da Gobir ta Tibiri, zafi na lalata zarensu.

Mutane da yawa sun ɗauka aikin bai wuce ɗaukar hoto da waya ba. Littafin gafaka ba ɗinke yake ba, warƙa-warƙa ne. Wanda bai san kalmar nan da marubuci ke sakawa a ƙasan shafi don nuna farkon shafi na gaba ba, zai hautsina littafin, ya ɗauki hoto tangaran na abin da ba ya karantuwa a jere. Don haka zangon farko na koyon karanta rubutun hannu ne da tsara warƙoƙi, kafin a taɓa kyamara.

Sannan ɗauka. A kafa kyamara a sama tana kallon ƙasa, fitila biyu dama da hagu, kada a danne tsohuwar takarda da murfin na'urar kwafe takardu, karyewa take yi. A adana asalin hoton a TIFF, tsarin ajiye hoto da ba ya rage ingancinsa. Shafi mai girman A4, da launi, a 600 dpi (ɗigo 600 a kowane inci), yana cin wajen megabait 100, wato littafi mai shafi 200 gigabait 20 ke nan. Duk kasafin da ya manta da wannan lissafi, a tsakiyar aiki yake tsayawa. Kwafi 3 ake yi, ɗaya a wani gari daban. Kaset kuma a juye shi a WAV, tsarin da ke adana sauti cikakke. MP3 na saurare ne kawai, don yana zubar da wani sashe na sautin.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne bugawa. Ajaminmu da rubutun Warash ake yin sa: fa ɗigonta a ƙasa, ƙaf ɗigo ɗaya a sama. Manhajar karanta rubutu daga hoto da aka horar da Larabcin ɗab'i sai ta karanta ƙaf ɗinmu a matsayin fa. Sai a 2016 Unicode, tsarin haruffan kwamfuta na duniya, ta shigar da haruffa na musamman na Warash. Boko ma bai tsira ba: takardar da aka buga da tsohon salon haruffa na musamman, da an kai ta wata kwamfutar sai ɓ da ɗ da ƙ su rikiɗe.

Muna roƙon kada a karɓi kundin kammala karatu shi kaɗai. Kowane ɗalibi ya miƙa tarin da ya adana, da bayanin kowane littafi: marubuci, mai kwafi, gidan da yake, yawan warƙoƙi. Ya yi horon aiki a sashen rubuce-rubucen Larabci da ajami na IRSH, cibiyar binciken kimiyyar ɗan Adam, ko a CELHTO, cibiyar nazarin harshe da tarihin baka, duka a Yamai. Littafi kuma ya zauna hannun masu shi, a nemi izininsu a rubuce, a ba su nasu kwafin.

Wassalam.

Wasu masu nazarin harshe da tarihi,
Maraɗi.